Baragurbin da Bai Shiga Takardar Diyya ba

Shekara uku ke nan da tankar man gas ta kife a kan kwalbatin da ke gabas da ƙauyenmu, a bakin fadamar Hadeja. Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma ni ne sakataren ƙungiyar masunta da manoman rani ta garinmu, ba don na fi kowa ba sai don kullum akwai biro a aljihuna. Shi ya sa duk zirga-zirgar da ta biyo baya a kaina ta ƙare. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, har da inda ni kaina na tafka kuskure, domin duk garin da ke bakin titi ga kuma ruwa a gefe, wannan rana tana iya zuwa masa.

Ƙarshen damina ne, an idar da sallar asuba ke nan muka ji ƙara. Direba da yaronsa sun fito da rai. Kafin gari ya gama wayewa samari sun cika wurin da jarkoki da bokitai, bulama yana ta korarsu da sanda saboda tsoron gobara. Duk hankalinmu yana kan wuta, babu wanda ya kalli ƙasa. Ashe man ya bi ta cikin kwalbati ya gangara babban kududdufin da ke haɗe da fadama idan ruwa ya yi yawa. A lokacin kuwa Inna, mahaifiyata, ta riga ta buɗe wa agwaginta 23, sun yi layi sun nufi ruwa kamar kullum. Da hantsi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, a jiƙe sharkaf kamar kajin da ruwan sama ya daka, suna rawar ɗari da rana tsaka. Duk wanda ya san agwagwa ya san ba ta jiƙewa. Gashinta a saƙe yake, kowane sili riƙe da ɗan'uwansa, iska ta maƙale a ƙarƙashi tana tsare mata ɗumi tana kuma ɗaga ta a kan ruwa. Da mai ya taɓa saƙar sai ta warware, ruwa ya kai ga fata. Ita kuma ba ta da dabarar da ta wuce ta sa baki ta gyara gashin, sai ta haɗiye man, ya wuce hanji da hanta da ƙoda.

A nan muka yi kuskuren farko. Wani maƙwabcinmu ya ce kananzir ne ke cire mai, ya goge nasa da shi, kafin la'asar babu ko ɗaya da ta rage. Mu muka wanke namu da omo da ruwan randa mai sanyi. Daga baya likitan dabbobi ya gaya mini cewa kamata ya yi a fara killace su a wuri mai ɗumi, a ba su ruwa mai tsabta su huta su dawo hayyacinsu, sannan a wanke da sabulun wanke-wanke na ruwa da ruwan ɗumi, a ɗauraye sosai, kada su koma kududdufi sai gashin ya dawo daidai. Cikin kwana uku Inna ta rasa tara. A garin gaba ɗaya na ƙirga 61, ban da kirinjijiya, wato agwagin daji, guda 14 da yara suka tsinto a cikin ciyawar kachala. Wasu sun yi saurin sa wuƙa ga waɗanda ke mashassharar mutuwa, amma da aka dafa ko kare bai ci ba saboda warin gas. Bulama ya ce a binne sauran kada yara su ɗauka, muka binne. Shawarar tana da kyau ta fuskar lafiya, sai dai mun binne shaidarmu tare da su, domin babu ma'aikacin dabbobi ko ɗaya da ya gani ya rubuta. Hotuna 11 kawai na ɗauka a waya, su ma yawancinsu na tankar ne.

Matakin sarauta shi ne ya fi sauƙi. Bulama ya kai mu wurin dagaci a ranar, washegari dagaci ya haɗa mu da wakilinsa zuwa fadar hakimi, ni da sarkin ruwa. Muka faɗi muka yi gaisuwa, sarkin ruwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ruwan da muke ci muke sha a cikinsa ne aka zuba wa guba, kifi yana ta tasowa ciki sama." Hakimi ya juyo gare ni: "Malam, kun san mai motar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya da dare aka zo da janwe aka tafi da ita." Gaskiya a lokacin ban da lambar motar ma. Wani ɗalibina ɗan aji biyu ne ya cece mu, ashe ya rubuta ta a bangon littafin lissafinsa don wasa. Da wannan lamba magatakarda ya rubuta mana wasiƙa, aka buga hatimi, ba mu kashe ko sisi ba sai kuɗin mota. Da ita kuma muka je caji ofis muka karɓi kwafin rahoton hatsarin, wanda a cikinsa ne sunan kamfanin da nauyin kayan suka fito: lita 33,000.

Daga nan ne ƙafa ta fara ciwo. A wani ofishi da aka tura mu, aka ce maganar dabbobi ce, mu je wurin masu aikin gona. Can aka ce maganar ruwa ce, ta duba-gari ce. Duba-gari ya ce shi kwata da shara ya sani, man fetur ya fi ƙarfinsa. Zuwa uku na yi, kowane zuwa naira 2,500 tsakanin acaɓa da mota, kuma kowane zuwa sai na nemi wanda zai riƙe mini aji. A zuwa na uku aka ce ba a ga takardarmu ba. Ban da bakin musu, domin ranar da na kawo ta miƙawa kawai na yi na juya, ban sa an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina ba. Tun daga ranar ba na rabuwa da kwafi uku na kowace takarda: ɗaya tasu, ɗaya mai hatimi tawa, ɗaya a akwatin ƙungiya.

Wata ma'aikaciyar muhalli a babban birnin jiha ce ta fara yi mana magana mai kan gado. Ta karanta takardunmu tsaf, ta ce, "Malam, kun makara, amma ba ku rasa ba." Ita ta sanar da ni cewa akwai hukumar tarayya ta musamman kan malalar mai, NOSDRA, wadda aka kafa da doka a 2006, kuma dokar ta wajabta wa wanda mansa ya malala ya kai rahoto a rubuce cikin awa 24, in ya ƙi akwai tarar naira 500,000 a kan kowace ranar jinkiri, ban da tarar ƙin share wurin. Ni dai a da ɗauka nake wannan harka ta mutanen Neja Delta ce kawai, inda ake da rijiyoyi da bututu. Ta taimaka mini na rubuta koke, muka aika wa kamfanin kwafi. Sai ga shi kamfanin da ba ya ɗaga wayarmu ya kira ni da kansa.

Sun zo bayan mako biyar da faɗuwar tankar, wakilin kamfani da mai ƙiyasin inshora da wani saurayi da suka ce shi zai ɗebi ruwa. A lokacin saman kududdufin ya washe, rana da iska sun ɗauke abin da za su ɗauke, har yara sun koma wanka. Saurayin ya tsaya a bakin gaɓa, ko takalmi bai cire ba, ya ɗebi ruwan sama a robar ruwan sha ya rufe. Na ga abin, raina bai kwanta ba, amma ban san me zan ce ba. Aka zauna a zauren dagaci. Mai ƙiyasi ya ce sai abin da ke da shaida za a biya, daga 61 aka sauko zuwa 40, kirinjijiya kuwa ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, waɗannan na wa ne?" Aka yi ciniki kamar a kasuwar kaji, aka tsaya a naira 4,000 kowace agwagwa, da ɗan abin da aka ware wa masunta. Sannan ya fito da takarda shafi biyu da Turanci. A ƙasan shafi na biyu akwai layin da ke cewa wannan biya shi ne na ƙarshe, babu wanda zai sake neman komai a kan wannan hatsari. Ni na karanta layin. Ni na fassara wa jama'a shi, da bakina na ce, "Wannan ƙa'idar takarda ce kawai." Mutane sun gaji, ga kuɗi a ƙasa, ga magariba ta gabato. Na sa hannu, masu dangwale suka dangwala.

Da kaka ta wuce agwagin Inna da suka rage suka fara saka. Irin tamu ta gida kwana 35 take kwanci, kuma mai kyau takan fito da kusan duk abin da aka sa mata. Ta farko ta kwanta a kan 15, huɗu suka ƙyanƙyashe, sauran duk baragurbi. Ta biyu uku cikin 13, su ma biyu ba su yi mako ba. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta leƙo ɗakina da ƙwarya cike da ruɓaɓɓen ƙwai ta ce, "Kai malamin, wannan kuma wa zai biya?" Da kuɗin agwagin nan take sayen sabulu da gishiri, da su take zubin adashe, da su ta yi wa ƙanwata rabin kayan ɗaki. Na rasa abin cewa. Amma a daren na ware littafi guda na fara rubutu: gidan wane, ƙwai nawa aka sa, nawa suka fito, a wane ruwa agwagin ke kiwo. Kafin wata huɗu abu ya fito fili. Unguwar yamma, waɗanda agwaginsu ke zuwa ƙaramin tafkin bayan makaranta, suna samun goma zuwa sha biyu a kowane kwanci. Mu na gabas da ƙyar muke wuce biyar. Zafin gari ɗaya, dusa ɗaya, har toron ma wani lokaci aronsa ake yi tsakanin unguwannin. Ruwan ne kawai ya bambanta.

Wata Asabar da ruwa ya ja baya na ɗauki fartanya na shiga. Saman laka ya bushe ya tsattsage, ba wari ba komai. Da na sara kamar zurfin taki ɗaya sai ga baƙin taɓo, warin gas ya bugi hancina kamar na buɗe tankin injin ban-ruwa. Ruwan da ya tsatso cikin ramin yana ɗauke da launin bakan gizo. A daidai irin wannan taɓon agwagi ke cusa baki suna neman tana da katantanwa, a kansa suke birgima, sannan su koma gida su kwanta a kan ƙwai.

Likitan dabbobin yankinmu ya rubuta mini takarda zuwa ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a Kano. Na tafi da taɓo a leda, malamin da na samu ya kalli ledar ya girgiza kai. Ya ce mai yana manne wa roba, zafin mota kuma yana korar wani sashensa, saboda haka abin da na kawo ba shi da amfani. Ya ba ni kwalaben gilashi wankakku, ya ce in ɗebo daga wuri uku a kududdufinmu, sama da ƙasa, in cika su maƙil, in rubuta rana da wuri a jiki, in sa a kula da ƙanƙara, in kuma ɗebo daga tafkin yamma don a kwatanta, a gaban shaidu. Da na nuna masa littafina sai ya ja kujera ya zauna. Ya ce ɗigon mai ƙanƙani, wanda ido da ƙyar zai gani, idan ya taɓa ɓawon ƙwai a farkon kwanci yana ratsawa ta ƙananan ƙofofin da ɗan tayi ke numfashi ya kashe shi. Uwar tana iya zama lafiya garau, gashin cikinta ne ke kai gubar gida.

Shi ne ya ba ni labarin Alaska, wanda daga baya na bi na karanta da kaina. Ranar 24 ga Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya daki dutse a mashigin Prince William da ke Amurka, ɗanyen mai kimanin lita miliyan 41 ya malala, wato ya fi cikin tanka 1,200 irin wadda ta faɗi a garinmu. An ƙiyasta tsuntsayen teku kusan 250,000 sun mutu. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwar teku mai zane-zane da Turawa ke kira harlequin, wadda abincinta a bakin gaɓa yake, katantanwa da ƙaguwa da sauran masu ɓawo da take tonowa tsakanin duwatsu. An wanke gaɓa, ido ya ga tsabta, mutane da dama suka ɗauka magana ta ƙare. Amma daga 1995 zuwa 1998 masu bincike suka sa wa matan agwagin na'urar bin sawu, suka gano cewa a wuraren da mai ya taɓa kimanin 78 cikin 100 ne ke tsallake hunturu, a wuraren da bai taɓa ba kuwa kusan 84. Tazarar kamar ba komai, sai dai wannan tsuntsuwa ba ta fara haihuwa sai ta shekara biyu ko uku, sau ɗaya take kwanci a shekara, kuma duk shekara gaɓar da ta saba take komawa ko da gurɓatacciya ce. Idan uwa ɗaya ta faɗi an rasa kwancin shekaru masu yawa, kuma baƙi ba sa saurin zuwa su cike gurbin. A 2001 aka haƙa ramuka a bakin gaɓar aka tarar da man yana nan a ƙarƙashin tsakuwa. Akwai wani sinadari da hanta ke ƙara samarwa idan mai ya shiga jiki, CYP1A, shi suka riƙa aunawa: har 2009, shekara 20 cif, ya fi yawa a agwagin wuraren da aka gurɓata. Sai a 2013 awon ya daidaita, a 2014 aka ayyana cewa sun farfaɗo. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙiyasin da aka yi cewa matan da suka mutu sannu a hankali a shekarun baya sun fi waɗanda suka mutu a makonnin farko yawa. Su ma ashe gawar ranar farko suka fara ƙirgawa, kamar mu a zauren dagaci.

Malamin bai bar ni na tafi da tsoro fiye da kima ba. Ya ce namu gas ne ba ɗanyen mai ba, ya fi sauƙin narkewa, kuma zafin ƙasarmu da ƙananan halittun cikin ƙasa suna cinye shi da sauri fiye da sanyin Alaska, muddin iska na kai masa. Matsalar ita ce taɓon da ke danne ƙarƙashin ruwa, inda iska ba ta shiga. Ya tuna mini da rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, wanda ya ce gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Gwajin ya ci mana naira 48,000, karo-karo muka yi, har matan gari suka kawo nasu daga adashe. Da zuwa Kano sau uku da ƙanƙara da sauransu ya tasam ma 70,000. Mako bakwai muka jira. Sakamako ya nuna ruwan sama kusan tas, taɓon ƙasa kuwa akwai ragowar mai sosai, na tafkin yamma babu.

Na ɗauki sakamakon da murna zuwa wurin wani lauya ɗan yankinmu. Ya karanta, ya ce in ba shi takardar da muka sa wa hannu. Da ya kai ƙasan shafi na biyu ya cire tabarau ya dube ni: "Malam, wa ya karanta muku wannan?" Na ce ni ne. Bai ƙara cewa komai a kan haka ba, shirun nasa ma ya ishe ni. Ya ce neman ƙarin diyya zai yi wuya ƙwarai, amma sa hannunmu bai ɗauke wa kamfani nauyin share wurin ba, domin wannan tsakaninsa da doka ne. Muka rubuta a kan wannan. Bayan wata uku kamfanin ya turo mota ɗaya da lebura takwas, suka kankare bakin kwalbati suka tafi. Sauran aikin gayya muka yi da bazara: muka zagaye kududdufin da ƙaya, muka sare taɓon muka juya shi ya sha rana da iska, muka sake juyawa bayan mako biyu, har sau huɗu. Agwagin gabas suka yi shekara guda a killace, ana ba su ruwan rijiya a tsohuwar taya da aka raba biyu.

Wanda wannan abu ya faɗa wa, awa 48 na farko sun fi duk watannin da za su biyo baya. A hana dabbobi da yara ruwan tun kafin a tsaya kallon mota. A rubuta lambar motar da sunan da ke jikinta kafin janwe ya zo. A jera gawarwakin a ɗauki hoto, a kira ma'aikacin dabbobi ya ƙirga ya sa hannu, sannan a binne. A toshe bakin kwalbati da buhunan yashi, abin da da mun yi shi a awar farko da rabin man bai kai ruwa ba. Ranar da za a zo dubawa kada a yarda da ruwan sama kaɗai, a sa su shiga su haƙa, ku ma ku ɗebi naku a kwalbar gilashi a gabansu. A buɗe littafin ƙwai da na kamun kifi tun makon farko, har da na unguwar da abin bai shafa ba, domin kwatancen shi ne hujjar. Takarda kuwa, ko ɗan garinku ne ya karanta, a kwana da ita, a kai wa lauya. Kuɗin da za a karɓa a rubuta cewa na abin da ya mutu zuwa ranar ne, a bar ƙofa buɗe har a ga kwanci biyu ko uku.

Na kirinjijiya da dinya kuwa har yau babu ofishin da na san zan kai kokensu a biya, ga kuma baƙin agwagin da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a fadamar nan, daga Baturiya har Nguru. Sarkin ruwa ya ce shekarar farko ko ɗaya ba ta sauka a kududdufin gabas ba, bara ya ga 'yan kaɗan, bana ya ji kukansu da dare sau biyu. Na buɗe musu shafi a bayan littafin, duk Juma'a da yamma ni da ɗalibai huɗu muna zuwa mu ƙirga daga kan kwalbati. Makon jiya babbar agwagwar Inna ta sauka daga kwanci, 11 cikin 14. Na ce mata ko a cire ƙayar su koma ruwa, ta ce in fara zuwa da fartanya in shinshino mata taɓon tukuna.